Tarihin Wurno bai ƙare a hubbare ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ɗan ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi tsokaci a kan yadda za a tattara tarihin mutanen Wurno, garin nan da ke arewa maso gabas da Sakkwato, bisa tudun da ke kallon fadamar Gulbin Rima. Da Wurno za mu yi misali don ita muka sani, amma duk garin da ke da tsofaffi da gafaka da kufai, maganar ta shafe shi.

Abin da littattafai suka riƙe game da Wurno ba ɓoyayye ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya kafa ta ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, saboda Gobirawa da Abzinawa da ke kawo hari ta wannan fuska. Da Bature Clapperton ya dawo karo na biyu a 1826, sansanin Bello yana Magariya. Wurno daga baya ta biyo. Bello ya ci yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, hubbarensa na nan har yau ana kai ziyara. Ɗansa Aliyu Babba, da ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a Wurno ya zauna, shi ya sa Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya share makonni a garin a 1853. Umaru ɗan Aliyu da Abdurrahman ɗan Atiku su ma sun zauna a nan, har rasuwar Abdurrahman a 1902. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, fada ta tsaya can, Wurno ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen Sakkwato, wadda ake kiran ubanta Sarkin Sudan, sarautar da marigayi Alhaji Shehu Malami ya riƙe a zamaninmu.

Wannan tarihin fada ne, kuma ba mu raina shi ba. Sai dai ribaɗi ba sarki kaɗai ke zaune cikinsa ba. Manufar Bello ita ce a zaunar da Fulani makiyaya, a kawo malamai da maƙera da masaƙa da majema, a yi noma, a yi karatu, a tsare iyaka. Haka aka yi a Raba da Gandi da Shinaka da Kware. An kuma zaunar da waɗanda aka kamo a yaƙi. Ke nan kowace unguwa a irin wannan gari tana da inda ta fito da dalilin zuwanta. Wa ya gina rijiyar da unguwa ke sha? Wane gida ne ke da limanci, tun yaushe? Yaya aka raba fadama, wa ke da ikon cewa a shiga su, wato kamun kifi? Ba Barth ya rubuta wannan ba, ba kuma marubutan fada ba. Yana cikin kan tsofaffi da cikin adakar da ke ƙarƙashin gado.

Lokaci kuwa ya ƙure. Wanda aka haifa a 1938, shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, yau ya doshi casa'in. Kakansa ya ga zamanin Abdurrahman da idonsa. Baki biyu ke nan tsakaninmu da Wurno ta kafin Turawa, kuma kowace damina da kowane hunturu sai sun rage mana wasu. Ga matsalar 'yan bindiga da ta tashi ƙauyuka a gabashin Sakkwato. Tsohon da aka raba da ƙauyensa, aka ajiye shi a zauren ɗan'uwa a gari, ba ya iya nuna maka iyakar gona ko kushewar kakansa da sanda. Don haka muka ga ya dace mu faɗi yadda ake aikin tattara wannan tarihi dalla-dalla, da wuraren da yake lalacewa.

Ba a fara shi da waya a hannu. Ana fara shi daga ƙofar uban ƙasa. (Ga masu karatu na Kano da Zariya: a Sakkwato wanda kuke kira hakimi shi ne uban ƙasa, wanda kuke kira dagaci shi ne hakimi. Ɗalibai da yawa sun rikita rahotonsu a kan wannan kaɗai.) Daga nan a sauka ga hakimai da masu unguwanni da limamai, a faɗa musu abin da ake nema da abin da ba a nema. In ba a yi haka ba, cikin kwana biyu za a baza cewa ƙidayar haraji ce, ko rajistar tallafi, ko wani ɗan takara ne ke neman asalin abokin hamayyarsa, kowa ya kama bakinsa. Mutum bakwai sun isa kwamitin aikin: malaman zaure biyu da ke karanta Larabci da ajami a rubutun hannu irin namu, malaman boko biyu, mata biyu, da saurayi ɗaya da ya iya waya da kwamfuta. A tabbata akwai mai jin Fulatanci a cikinsu. Kada mai riƙe da muƙamin jam'iyya ya shugabance su, komai kirkinsa, don rabin gari zai rufe ƙofa. Matan nan biyu kuwa ba na cika lissafi ba ne. Gidajenmu ba a shiga, kuma rabin abin da ake nema yana can ciki.

Aikin farko taswira ce, tun kafin a yi hira da kowa. A samu dattijo biyu masu ƙarfin ƙafa a zagaya da su inda ganuwa ta bi, ko da abin da ya rage tudun ƙasa ne a bayan gidan wani. A tsaya a kowace ƙofa, kowace tsohuwar rijiya, marina, maƙera, majema, maƙabarta, masallacin unguwa, mashaya da burtali, a rubuta sunan da mutane ke kiran wurin, a ɗauki hoto, a ɗauki lambar wurin da wayar ke nunawa. Lambar takan kauce da kamar mita 5, saboda haka a haɗa da bayani: gabas da masallacin wane, taki talatin. Kada a tsallake kududdufi don ƙazanta. Daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka gina unguwa, girmansa da wurinsa suna nuna inda gari ya fara da inda ya miƙe. Sunayen gonakin fadama su ma a rubuta su. Da yawa sunan mutum ne ko na abin da ya faru, kuma mai injin ban-ruwa na yau bai san dalili ba.

Sai hira. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a durƙusa gaban tsoho a ce, "Baba, ba mu tarihin garin nan." Zai fara daga hijirar Shehu zuwa Gudu, ya bi yaƙe-yaƙe kamar yadda ya ji a rediyo da wajen wa'azi, awa guda ta wuce ba a samu abin da ba a sani ba. Tambaya ƙarama ita ke buɗe baki. "Baba, wannan rijiya wa ya gina ta?" "Inna, ranar da aka kawo ki gidan nan, wace ƙofa aka shigo da ke, me aka sa miki a gara?" "Malam, wa ya ba mahaifinku limanci, kafin shi wa ke ja?" Bayan kowace amsa mai nauyi a bi da tambaya ɗaya: daga wa ka ji? Malamanmu sun san darajar isnadi, shi ne dai ake yi a nan. A ware abin da mutum ya gani, da abin da ya ji daga wanda ya gani, da abin da ake faɗa kawai. Dukansu a rubuta, amma kada a zuba su kwarya ɗaya.

A yi hira da mutum shi kaɗai kafin a tara su. A majalisa, wanda ya fi sarauta ko dukiya shi ke magana, saura su ce "haka ne, ranka ya daɗe," alhali tsohon maƙerin da ke can gefe ya san ba haka ba ne. Zama ɗaya kada ya wuce minti 45 zuwa awa guda. Gara a dawo sau uku da a gajiyar da shi sau ɗaya, kuma zama na biyu ya fi na farko albarka, don ya kwana yana tunawa. Hantsi ya fi dacewa da tsofaffi. Manoman rani sai bayan la'asar, tunda a Wurno rani ba lokacin hutu ba ne. A kauce wa ranar kasuwa da Juma'a da watan azumi. A kashe layin waya kada kira ya yanke ɗauka, a ɗora ta bisa naɗaɗɗen zane kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana, nesa da injin niƙa da janareto da garken awaki. Iskar hunturu tana cinye murya, a shiga ɗaki. A farkon kowace ɗauka mai tambaya ya faɗi kwanan wata, da wuri, da sunan mai magana da na mahaifinsa, da unguwarsa da sana'arsa, sannan a ji amincewarsa da bakinsa. Goro da ɗan abin sadaka al'ada ce, a kai. Amma kada a yanka farashi a kan labari. Ranar da aka ji ana biya, labari zai yi ta tsawo, kakan kowa ya zama shi ya riƙe wa Bello linzami.

Maroƙa da zabiyoyi suna riƙe da jerin iyaye da kakanni fiye da masu gidan kansu, a ɗauki kirarin yadda yake. A dai tuna aikinsu yabo ne: wanda aka tuɓe ko ya gudu a fagen yaƙi ba ya shiga kirari.

Hirar awa guda takan ci awa 5 zuwa 6 wajen rubutawa, kuma a nan kwamiti da yawa ke mutuwa, a bar murya ɗari a waya har ta faɗa ruwa. Dokar ita ce kada a yi sabuwar hira ta uku sai an rubuta ta farko. A rubuta yadda aka faɗa. In tsohuwa ta ce "munka taho" ko "shina nan" ko "wanga gari", kada malamin boko ya gyara mata zuwa Hausar jarida. Harshen mutum shaida ne. Gobirci da Adaranci da Zamfarci ba ɗaya ba ne a kunnen wanda ya sani, wani lokaci kalma guda ke nuna inda gida ya fito bayan masu gidan sun manta.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya, wato sa shekara. Tsoho ba zai ce 1943 ba. Zai ce shekarar yunwa kaza, ko zamanin wane. Saboda haka kwamiti ya fara shirya jerin turaku da kowa ya sani: zuwan Turawa 1903, yunwar Kakalaba 1914, annobar mura 1918, naɗin Abubakar 1938, zuwan Sarauniya 1956, 'yancin kai 1960, kisan Sardauna a Janairun 1966, komawa tuƙin hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973 tare da farin wannan shekara, makarantun UPE da sabon tsarin ƙananan hukumomi 1976, yunwar 1984, rasuwar Abubakar 1988, ambaliyar 2010. Sai a tambaya: lokacin canjin kuɗi kin yi aure? Kina goyon wa? Sunayen yunwa sukan bambanta daga gari zuwa gari, a rubuta wanda mutanen wurin ke faɗa, a gwada shi da turken da ke kusa.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko maimaita suna. A sarakunan Musulmi kaɗai akwai Aliyu Babba da Aliyu Ƙarami, akwai Abubakar Atiku na farko da Abubakar Atiku na Raba, akwai Attahiru biyu a jere. Wanda ya ce "zamanin Aliyu" a tambaye shi wanne. Na biyu, lissafin zuriya. Ɗalibi yakan ƙirga sunayen masu sarauta ya ninka da shekara 30, ya ce garinsu ya shekara ɗari huɗu. A duba wannan: daga Bello a 1817 zuwa Attahiru na farko a 1903 sarakuna 11 ne cikin shekara 86, kuma zuriya uku ce kacal. Bello da Atiku da Ahmadu Rufa'i 'ya'yan Shehu ne, Rufa'i ma sai bayan 'ya'yan 'yan'uwansa uku sun yi ya hau, a 1867. Da an ninka 11 da 30 da an samu 330. Sarautar unguwa da limanci da sarkin pawa haka suke tafiya, wa ya ba ƙane, baffa ya gaji ɗa. Ga kowane suna a tambaya: ɗan wa ne, kuma me yake ga wanda ya gada?

Takardu kuwa, a je musu da ladabi. Mai gafaka yana tsoron abu biyu, a ara a hana shi, ko a ga abin da ya ɗauka asirin gida ne. Don haka ba a fita da ko ganye ɗaya. A zaurensa za a yi aikin, yana zaune yana kallo, abin da ya ce kada a ɗauka a bar shi. A shimfiɗa farin zane mai tsabta a inuwa mai haske, a wanke hannu a bushe sarai, a kwance igiyar gafaka a hankali. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, ganye ne a jere tsakanin kwali biyu, kuma ba lambar shafi. Abin da ke riƙe jerin shi ne kalmar nan guda da marubuci ke sawa can ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. In iska ta kwashe ganyen ko yaro ya zubar, da ita ake mayar da su. Kafin a ɗaga komai a ɗauki hoton tarin yadda aka same shi, sannan a bi ganye-ganye, gaba da baya, ana kifewa gefe guda. Kada a lashi yatsa. Tawadar gawayi da ƙaro da ɗigon yawu ɗaya take narkewa, ita kuwa 'yambari, ta bagaruwa, in ta tsufa takan ci takardar har harafi ya zama huda, ganyen ya karye a kan layi. Ba a kunna fitilar kyamara, kuma a ajiye rula a gefe don a san girman takarda. A ɗaga ganye ɗaya ko biyu a hasken rana: in an ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake yi a Italiya ce, fatake suka riƙa kawowa ta hamada, hoton alamar ma a ɗauka.

Shafin ƙarshe ya fi kowane daraja, nan mai kwafi ke sa sunansa da na malaminsa, wani lokaci da gari da shekara. A lura, shekarar da aka wallafa littafi daban, shekarar da aka kwafe shi daban. Waƙar da aka yi zamanin Bello ana iya samunta a rubutun jikan jikan almajiri. Shekarar Hijira ana mayar da ita ta Miladiyya haka: a raba ta da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1253, shekarar rasuwar Bello: a raba da 33 a samu kusan 38, a cire ya rage 1215, a ƙara 622, ga 1837. Yakan kauce da shekara guda, ba ya wuce haka. Sau da yawa kuma ba lamba za a gani ba, ramzi ne, haruffa masu lissafi. Malamanmu da hisabin Magariba suke aiki, inda shinun take 1000. Wanda ya koyi na Gabas a jami'a zai ba ta 300. Haruffan shinun, ra, nun da jim a namu lissafi 1000 da 200 da 50 da 3 ne, wato 1253. A na Gabas 553 za su ba shi, ya mayar da Bello zamanin da ba a haifi kakan kakansa ba. Sadi da ladi da sin da zadi da angai su ma lissafinsu ya bambanta. Wannan shi ne dalilin sa malamin zaure a kwamiti.

Ba littattafan ilimi kaɗai ake nema ba. Wasiƙa, takardar rabon gado, takardar bashi, rasidin haraji da na jangali, takardar 'yantarwa, sunayen haihuwa da mutuwa da wani malami ya rubuta a bayan littafinsa, su ne ke faɗin yadda talaka ya rayu. Littafi mai ganye 150 shafi 300 ne, zai ci kusan gigabayit 1 a waya. Kada a tura hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su har wasali ya ɓace. A kwafe da igiyar waya zuwa kwamfuta. Kafin a tashi a taimaki mai shi da ajiya: adakar ƙarfe bisa bulo, tazarar taƙi guda daga bango saboda gara, a naɗe takardun cikin farin ƙyalle, a sa busasshen ganyen dogon yaro a gefe ba a jikin takarda ba. Leda tana tara gumi da damina, takarda ta yi funfuna. Salatif yana barin tabo ya ɗauke rubutu. Mannewa cikin roba da zafi, da wasu ke ɗauka gata ne, kashe takarda ne, ba ta sake fitowa. Lokacin da ya fi kyau a buɗe gafaka shi ne ƙarshen kaka, laima ta tafi, busasshiyar iskar hunturu ba ta kai ga sa takarda karyewa ba.

Abu uku za su taso ko an so ko ba a so: asalin bauta, rigimar sarauta, da iyakar gona. Wasu sukan ce a tsallake su. Mu ba mu ga haka ba, don tarihin ribaɗi da babu rinji (ƙauyen bayi) da murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa) da 'yantarwa a ciki ƙarya ce aka yi wa ado. A rubuta yadda abin ya gudana, wa ke noma gandu, kwana nawa bawa ke da shi na kansa, yadda ake fansar kai, amma kada a liƙa wa gidan da ke raye sunan da zai hana 'yarsu aure. Hirar da ta ambaci suna a irin wannan a rufe ta, a rubuta a kai cewa ba a buɗewa sai da izinin mai magana ko magadansa. Rigimar sarauta a kawo bakin kowane ɓangare da sunan wanda ya faɗa, kwamiti ba alƙali ba ne. A kuma sanar tun farko cewa ba za a ba kowa ɗauka ya kai kotu a kan gona ba. In aka yi sau ɗaya, aikin ya mutu a garin.

Rayuwar Wurno a fadama take, kuma nan ne canji ya fi sauri. Kafin a gama dam ɗin Goronyo a 1984, gulbi ke sa wa mutane lokaci: ya cika ya malala, a yi shinkafar ruwa, ya janye a bi danshi da shuka, a kafa jigo a ɗebo da guga. Yau sakin ruwa daga dam da injin fetur da rijiyar bututu su ke sa lokaci, albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafa su ne kuɗi. Waɗanda suka yi noma a zamanin biyu suna nan, kuma su kaɗai za su iya faɗin irin shinkafar da aka daina shukawa, da kifin da aka daina gani, da dami nawa gona kaza ke bayarwa da da yanzu. A rubuta awon yadda suka faɗa, dami ko tiya ko buhu, sannan a auna tiyar garin da sikeli sau ɗaya a rubuta, don tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba. A zauna da Sarkin Ruwa a kan fito da kamun kifi da haƙƙin kowane tafki, da Sarkin Noma a kan gayya, wa ke kira, me ake dafawa, yaushe kuɗin ƙwadago ya kore ta. A tambayi Fulani inda burtali ya bi kafin gonaki su cinye shi. Wannan taswira kaɗai tana iya kashe wata fitinar.

A cikin gida kuma a nemi zancen 'yan taru. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara yadda jaji, da malfarta a ka, za ta jagoranci matan ƙauye su zo ɗaukar karatu su koma su koyar, ƙanwarta Maryam ta ci gaba bayanta. Waƙoƙin nan na Hausa da Fulatanci har yanzu akwai tsofaffin da ke rera su da ka. A ɗauki muryar duka, ko an ce an riga an buga waƙar a littafi, don karin da baitin da aka ƙara ko aka rage a wannan gari ba ya cikin littafi. Daga nan a gangara kan kaɗi da saƙa, adashi, ungozoma, biki, abin da ake ci da yunwa.

Tsofaffin gine-gine kalma biyu. Zauren tubali ba ya son siminti. In aka shafe shi da shi, laima ta shiga ta ƙasa ko ta tsaga ba ta da hanyar fita, ƙasar ciki ta ruɓe, wata rana fatar simintin ta ɓanɓaro da rabin bango. Abin da ya riƙe su shekara ɗari shi ne yaɓe duk bayan damina, da makuba ko laso, da gyaran indararo don kada ruwa ya zuba gindin bango, da duba azara saboda gara. Maginan da suka iya wannan su ma a yi hira da su, suna aiki ana ɗauka. Ragowar ganuwa kuwa uban ƙasa ne kaɗai zai iya hana a ci gaba da ɗibarta ana buga bulo.

Bayan an tattara na gida sai a aika mutum biyu Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, su nemi fayilolin Lardin Sakkwato da ake kira Sokprof. Akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta don yanka haraji, da jerin ƙauyuka da masu sarauta da sana'o'i da dabbobi. A nemi sunan gari da rubutu iri-iri, Wurno da Wurnu, don ba su tsaya kan ɗaya ba. A karanta ƙidayarsu da hattara: mai ƙirga don haraji, an ɓoye masa mutum an ɓoye masa saniya, kuma ta bakin tafinta da fadawa ya ji komai. Cibiyar tarihi ta Arewa House na nan Kaduna, a Sakkwato kuma ga hukumar tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda za a gwada takardun gida da nasu.

Duk abin da aka samu a yi masa kwafi uku a wuri uku: ɗaya a gari, ɗaya a Sakkwato wurin ɗayan waɗannan hukumomi, ɗaya a intanet. Murya ta awa guda ba ta wuce megabayit 60 ba, hira ɗari ba za ta cika ƙaramin katin waya ba. Kowane gida a mayar masa da hoton takardunsa da muryar tsohonsa. Kafin a buga komai a karanta shi a bainar jama'a unguwa-unguwa, maza a ƙofar mai unguwa, mata a cikin gida, a bar mutane su yi gardama, a rubuta gardamar.

Roƙonmu ga ƙaramar hukuma ɗaki ɗaya ne mai rufin da ba ya yoyo, da kabad na ƙarfe mai makulli. 'Ya'yan Wurno da ke Sakkwato da Abuja da Legas kuma, kafin a fara zancen bikin ƙaddamar da littafi da babban baƙo mai jawabi, a sayi kwamfuta ɗaya da ma'ajiyar bayanai biyu, a ɗauki nauyin mai da abincin mutum bakwai na rani guda. Masu unguwanni su kawo sunan mutum ashirin da suka fi kowa tsufa a ƙasar, maza goma mata goma, a sa marasa lafiya da waɗanda aka taso daga ƙauyukansu a saman takardar, a fara da su makon da aka gama girbi.

Wassalam.

Daga wasu malaman makaranta da almajiran tarihi,
Wurno, Jihar Sakkwato.